Ball's Bluff: Dajin Da Aka Ɗauki Bishiyoyi A Matsayin Tantunan Soja

A gefen garin Leesburg da ke Jihar Virginia a ƙasar Amurka, kimanin kilomita 55 daga birnin Washington, akwai wani ɗan daji a bakin Kogin Potomac. Hanyar zuwa wurin ta ratsa cikin unguwar gidajen jama'a ne, har ta ƙare a wani ƙaramin filin ajiye motoci. Ba a biyan kuɗin shiga. Babu katafaren gini, babu cunkoson 'yan yawon buɗe ido. Abin da mutum zai tarar shi ne bishiyoyi, da siraran hanyoyin ƙafa da suka kutsa cikinsu, da allunan bayani nan da can, da wata 'yar maƙabarta da aka kewaye da katangar dutse.

Sunan wurin Ball's Bluff. Kalmar farko sunan wasu iyali ne da suka taɓa mallakar ƙasar, ta biyun kuma tana nufin gaɓar kogi mai tsayi da ta miƙe kamar bango. A ranar 21 ga Oktoba, 1861, an gwabza yaƙi na yini guda a nan. Sojojin da suka kara ba su wuce kimanin 1,700 a kowane ɓangare ba, wato ƙaramin faɗa ne idan an kwatanta da manyan gumurzun da suka biyo baya. Duk da haka, ɗalibin da ya taka wannan daji da ƙafarsa zai fahimci abin da zanen taswira a littafi ba zai nuna masa ba: yadda labarin da ba a tantance ba, da rashin tanadin hanyar komowa, suka jefa ɗaruruwan matasa cikin halaka.

Yaƙin da ya raba ƙasa biyu

Kafin mu shiga dajin, ya kamata mu san abin da ya kawo sojoji cikinsa. Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa sun yi yaƙin basasa a tsakaninsu. Jihohi 11 na kudancin ƙasar sun ɓalle bayan an zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, domin suna tsoron gwamnatinsa za ta taka wa bautar da mutane birki. A lokacin akwai bayi baƙar fata kusan miliyan huɗu a ƙasar, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga Afirka ta Yamma. Gwamnatin Tarayya ta ce ba ta yarda da ɓallewar ba, aka ɗauki makamai. Kafin a ƙare, mutane fiye da 600,000 sun rasa rayukansu, kuma a 1865 aka haramta bauta a cikin tsarin mulkin ƙasar.

Virginia na cikin jihohin da suka ɓalle. Maƙwabciyarta Maryland kuwa ta tsaya cikin Tarayya. Kogin Potomac ne ya raba su, saboda haka ya zama iyaka tsakanin abokan gaba. A watan Oktoban 1861 sojojin Tarayya ƙarƙashin Janar Charles Stone suna gadin gaɓar Maryland, na Kudu kuma ƙarƙashin Nathan Evans suna riƙe da Leesburg a ɗaya gaɓar. Wata uku kafin nan an yi wa sojojin Tarayya mugun kaye a Bull Run, don haka jama'a da 'yan siyasa a Washington sun ƙosa su ji labarin wata nasara, ko da ƙarama ce. Babban kwamanda George McClellan ya aika wa Stone saƙo cewa ya ɗan motsa sojojinsa a bakin kogi, ko Evans zai tsorata ya bar Leesburg. Ba a ce ya tsallaka ya yi yaƙi ba.

Zango na farko: tsohuwar hanyar amalanke

Daga wurin ajiye motoci, mai ziyara zai bi wata tsohuwar hanya da ta nufi kogi. A wannan yanki ne aka yi kuskuren farko. Da daren 20 ga Oktoba, Stone ya tura wani kyaftin mai suna Chase Philbrick da mutane kimanin 20 su tsallaka kogi su leƙo abin da ke bayan gaɓar. Suka hau tudu, suka yi tafiyar kimanin kilomita ɗaya da rabi zuwa wajen Leesburg. Can cikin duhu sai Philbrick ya hango wasu abubuwa a jere, ya ce ai tantunan abokan gaba ne, kuma babu mai gadinsu. Bai matsa kusa ya tabbatar ba. Ya juya ya kai rahoto.

Jerin bishiyoyi ne ya gani.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma ganin da aka yi daga nesa cikin dare, da zuciya mai ɗar-ɗar, shi ma yana buƙatar a bi shi da bincike. Wanda ya tsaya a wannan daji da yamma, lokacin da inuwa ta fara tsawo, zai ga yadda haske ke ratsowa tsakanin rassa yana zana siffofi iri-iri. Zai gane cewa kuskuren Philbrick kowa na iya yin irinsa. Laifin da ya fi girma shi ne yadda aka gina shirin kai hari a kan rahoton mutum guda ba tare da an sake dubawa ba.

Stone ya umarci Kanar Charles Devens ya ɗauki sojoji kimanin 300 su tsallaka cikin dare su afka wa sansanin da asuba. Gari ya waye, Devens ya isa wurin, ya tarar babu sansani, babu tanti ko ɗaya. Maimakon ya koma, sai ya tsaya ya aika manzo wurin Stone yana neman sabon umarni. Yana cikin jira wani rukunin sojojin Kudu daga Mississippi suka ci karo da mutanensa da safe, aka fara musayar wuta. Harin da aka shirya kai wa sansanin da babu shi ya rikiɗe ya zama yaƙi na gaske.

Zango na biyu: filin da ke tsakiyar daji

Idan ka ci gaba da tafiya, bishiyoyi za su buɗe ka fito wani ɗan fili. Bayan yaƙin, daji ya sake cinye wannan fili, amma masu kula da wurin sun sare wasu bishiyoyin domin ya koma kusa da yadda yake a 1861. Nan ne zuciyar labarin, kuma nan ya kamata mai ziyara ya daɗe.

Tsaya a tsakiyar filin ka juya baya ga kogi. A gabanka da gefenka akwai daji, ƙasa kuma tana ɗan hawa sama, ga kwazazzabai da mutum zai iya laɓewa a ciki. A bayanka, 'yan taku kaɗan, gaɓar kogi ce mai zurfi. Ko ɗalibin da bai taɓa karanta dabarun yaƙi ba zai ga matsalar: wanda ke cikin filin a bayyane yake, wanda ke cikin daji a ɓoye yake, kuma na cikin filin ba shi da inda zai ja da baya.

A nan Kanar Edward Baker ya jera sojojin Tarayya. Baker ba ƙaramin mutum ba ne. An haife shi a Landan a 1811, ya girma a Amurka, ya zama lauya kuma fitaccen mai iya jawabi. A lokacin yaƙin sanata ne mai wakiltar Jihar Oregon. Aminin Lincoln ne tun suna lauyoyi a Illinois, har Lincoln ya sa wa ɗansa na biyu sunansa, kuma shi ne ya gabatar da Lincoln ga taron jama'a ranar da aka rantsar da shi a watan Maris na 1861.

Da safiyar ranar yaƙin Stone ya damƙa wa Baker jagorancin wurin, ya ba shi zaɓi: ya je ya duba halin da ake ciki, in ya ga dama ya janye sojojin, in ya ga dama ya ƙara tura wasu. Baker bai tsallaka ya duba ba ya yanke shawarar a ƙara sojoji. Ya shafe sa'o'i a bakin ruwa yana kula da jigilar mutane, bai hau tudun ba sai bayan azahar. Da ya iso, bai tura sojoji su kama tudun da ke cikin daji ba, sai ya bar su a fili. Sojojin Kudu daga Virginia da Mississippi suka mamaye dajin suna harbi daga sama. Sojojin Tarayya sun yi wahalar jawo igwa uku zuwa saman gaɓar, amma aka yi ta harbe masu sarrafa su. Wajen la'asar sakaliya harsasai suka sami Baker, ya faɗi matacce. Har yau shi kaɗai ne sanatan Amurka mai ci da aka kashe a fagen fama. Akwai wani ɗan dutse a filin da aka kafa don tunawa da shi.

Zango na uku: bakin gaɓa

Daga filin, hanya za ta kai ka inda ake tsayawa a leƙa kogi. Gaɓar ta kai tsayin kimanin mita 30, wato kamar bene mai hawa tara ko goma, cike da duwatsu da saiwoyin bishiya. A ƙasa ga ruwan Potomac, a gabansa ga wani dogon tsibiri mai suna Harrison. Duk sojan da ya zo daga Maryland sai ya tsallaka ruwa sau biyu: daga gaɓa zuwa tsibirin, sannan daga tsibirin zuwa gindin wannan tudu.

Jiragen ruwan da aka tanada 'yan ƙalilan ne, yawancinsu ƙanana. Da su aka yi ta ɗebo mutane kaɗan-kaɗan tun dare har yamma. Lissafin a fili yake: idan shigo da mutum 1,700 ya ci kusan yini guda cikin natsuwa, yaya za a fitar da su cikin 'yan mintuna ana harbinsu? Babu wanda ya tsaya ya yi wannan lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi a Ball's Bluff.

Bayan mutuwar Baker, Kanar Milton Cogswell ya karɓi jagoranci, ya yi ƙoƙarin fasa hanya ta gefe, bai yi nasara ba. Da magariba ta kawo jiki layin sojojin Tarayya ya karye. Mutane suka gangara gaɓar a guje, wasu suna zamewa, wasu suna faɗowa kan 'yan uwansu. Aka cika jiragen fiye da ƙima har suka kife. Waɗanda suka faɗa ruwa da tufafin ulu masu nauyi da takalma, cikin sanyin Oktoba, da yawa ba su kai tsibirin ba. Sojojin Kudu kuma suna tsaye a sama suna harbi cikin ruwa. Kwanaki bayan haka an riƙa ganin gawawwaki suna bin ruwa har Washington.

A ƙididdigar da masana tarihi suka fi amfani da ita, Tarayya ta yi asarar mutum kusan 1,000: an kashe 223, an raunata 226, an kama 553, har da shi Cogswell. Asarar Kudu kuwa kimanin 155 ce. Akwai wata hanya mai gangara da ke sauka zuwa bakin ruwa. Mai ziyara da ya bi ta da rana tsaka, ba kaya a bayansa, ba mai korarsa, zai ji yadda gwiwa ke rawa da yadda numfashi ke sama-sama wajen hawowa. Wannan gajiyar ita ce darasin da littafi ba ya bayarwa.

Cikin waɗanda aka raunata akwai wani laftanar ɗan shekara 20 mai suna Oliver Wendell Holmes ƙarami, wanda harsashi ya same shi a ƙirji. An samu an tsallakar da shi, ya warke, ya koma fagen fama aka sake raunata shi har sau biyu. Daga baya ya karanta shari'a, ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka daga 1902 zuwa 1932. Mutum nawa irinsa ruwan ya cinye a wannan dare?

Zango na huɗu: kaburbura 25

Kusa da filin akwai maƙabartar, wadda aka kafa a 1865, kuma tana cikin mafiya ƙanƙanta a maƙabartun sojoji na ƙasa a Amurka. Duwatsun kabari 25 ne aka jera su kamar rabin da'ira. A ƙarƙashinsu akwai ragowar gawawwakin sojoji 54. Mutum ɗaya tak aka san sunansa, James Allen, na wata runduna daga Jihar Massachusetts. Sauran duk an rubuta cewa ba a san ko su wane ne ba.

Dalili shi ne an binne su cikin gaggawa a ramuka marasa zurfi washegarin yaƙin, sai bayan shekara huɗu aka tattara abin da ya rage. A wancan zamani kuma gwamnati ba ta bai wa soja wata alamar ƙarfe mai ɗauke da sunansa, irin wadda sojoji ke ratayawa a wuya a yau. Kowane ɗaya daga cikin 53 ɗin nan yana da uwa da uba da suka yi ta jiran labari. Masu ziyara sukan rage murya idan sun iso nan, ko da babu wanda ya ce su yi.

Wa aka ɗora wa laifi?

Labarin bai ƙare a bakin kogi ba. An ruwaito cewa Lincoln yana hedikwatar McClellan lokacin da saƙon mutuwar amininsa ya iso ta wayar tangarahu, ya fito yana hawaye. A majalisa kuwa ran sanatoci ya ɓaci, ga abokin aikinsu ya mutu, ga wani kaye kuma wata uku bayan na Bull Run. A watan Disamban 1861 suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu domin binciken yadda ake gudanar da yaƙin, kwamitin da ya riƙa kiran janar-janar yana yi musu tambayoyi har yaƙin ya ƙare.

Ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Baker ya mutu, ana yi masa kallon gwarzo, babu mai son taɓa sunansa. McClellan babba ne. Sai yatsa ya nuna Stone. Dama wasu 'yan siyasa suna jin haushinsa saboda zargin cewa sojojinsa na mayar da bayin da suka gudo hannun iyayengijinsu a Maryland. Aka fara yaɗa cewa yana da alaƙa da abokan gaba. A watan Fabrairun 1862 aka kama shi cikin dare, aka tsare shi a kurkukun soja a New York har kwana 189. Ba a taɓa gabatar masa da takardar tuhuma ba, ba a kai shi gaban kotu ba. A watan Agusta aka sake shi ba tare da bayani ba.

Stone yana da nasa kason laifin, tunda shi ya amince da rahoton Philbrick, shi kuma ya tura mutane ƙetaren kogi da jirage kaɗan. Amma ba a taɓa kawo hujjar cin amanar ƙasa a kansa ba. Abin lura shi ne, yaƙin ya fara da labarin da ba a tantance ba a cikin daji, ya kuma ƙare da zargin da ba a tantance ba a cikin majalisa.

Rayuwar Stone ta ɗauki wani salo bayan haka. A 1870 ya tafi Masar, ya zama babban hafsan sojojin Khedive Isma'il, ya yi kusan shekara 13 a can ana kiransa Stone Pasha. Da ya koma gida, shi ne babban injiniyan da ya jagoranci gina dandamalin da aka ɗora shahararren mutum-mutumin 'yanci na New York a kai, wanda aka buɗe a 1886. Ya rasu a farkon 1887.

Dajin kansa

Ba tarihi kaɗai ke kawo mutane Ball's Bluff ba. Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta arewacin Virginia ce ke riƙe da wurin, kuma akwai hanyoyin ƙafa da jimillar tsawonsu ya kai kimanin kilomita 11. An shafa fenti mai launi daban-daban a jikin bishiyoyi domin mai tafiya ya san hanyar da yake bi. Mazauna unguwa sukan zo motsa jiki da safe, iyaye su zo da yara. A watan Afrilu furanni masu launin shuɗi sukan rufe ƙasa a kusa da kogi. A watan Oktoba, watan da aka yi yaƙin, ganyaye kan rikiɗe su koma ja da ruwan ɗorawa kafin su zube. Ana ganin bareyi, da tsuntsayen da ke ƙwanƙwasar itace da baki, wani lokaci har gaggafa tana shawagi a saman ruwa. A ƙarshen mako, a watannin da babu tsananin sanyi, masu aikin sa-kai sukan zagaya da baƙi kyauta suna ba su labarin yaƙin.

Akwai ƙa'idojin da ake son mai ziyara ya kiyaye. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin gangaren yana da santsi idan an yi ruwa. A tafi da ruwan sha. Kada a kauce daga hanyar da aka yi wa alama, saboda akwai kaska a cikin ciyawa, da wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje idan ya taɓa fata, kuma bakin gaɓar ba wurin wasa ba ne. An hana tonon ƙasa don neman tsofaffin harsasai ko maɓallan kayan soja. Dalilin hanin shi ne masu binciken kayan tarihi suna gane inda kowace runduna ta tsaya ne daga wurin da aka tsinci harsashi. Wanda ya ɗauke shi ya sa a aljihu ya goge layi ɗaya daga labarin, kuma ba za a iya mayar da shi ba.

Tambayoyi huɗu ga mai ziyara

Malaman tarihi da ke kai ɗalibai irin waɗannan wurare sukan so su riƙa yi wa ƙasar tambayoyi maimakon su tsaya karanta alluna kawai. Ina tudu yake, kuma wa ya riƙe shi? Me mutum zai iya gani daga inda yake tsaye, me kuma ya ɓoye masa? Ta ina abinci da harsasai da ƙarin mutane za su iso? In abu ya ɓaci, ta ina za a fita? A Ball's Bluff, amsoshin huɗun duk suna cikin tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya da rabi ba, kuma duk sun nuna cewa an riga an yi asarar yaƙin tun kafin Baker ya hau tudun.

Akwai tambaya ta biyar da ta shafi kowa, ko da bai taɓa ganin Kogin Potomac ba: wa ya kawo labarin nan, kuma ya matsa kusa ya gani da kyau? Kullum saƙonni na shigowa wayoyinmu ta WhatsApp da Facebook, an ce an ga kaza, an ce wane ya yi kaza. Da Philbrick ya ƙara taku ɗari a wannan dare, ko da Stone ya tura wani ya sake dubawa kafin ya ba da umarni, da wataƙila mutum 54 ɗin da ke kwance a bayan katangar dutsen nan sun koma gida wurin iyayensu.